Babi na Biyar: "Yaya, An Samu?"

Iyaye da yawa suna yin wannan tambaya idan hutu ya zo: me ya sami yaron nan? An ɗinka masa sabon yadi, gida ya cika da baƙi, ƙannensa suna ta tsalle da kuɗin barka da Sallah, shi kuwa ya shige ɗaki ya ja ƙofa, waya a hannu, ko abinci sai an yi ta kira. Uwa ta ce ko sammu ne. Uba ya ce sangarta ce, shi lokacin da yake shekara goma sha takwas yana gona tun asuba. Su biyun sun manta da abu ɗaya. Yaron ya gama sakandare, ya rubuta JAMB, sunansa bai fito ba tukuna, kuma ya san duk wanda zai taka ƙafa cikin gidan nan a kwanakin hutu, da tambaya guda zai shigo.

Wannan babi a kan wannan yaro yake, da takwararsa mace, da abin da gida zai iya yi musu a makonnin da dangi ke haɗuwa. Na ɗauki Tungan Magajiya da ke ƙaramar hukumar Rijau, a masarautar Kontagora, don a ga lamarin a gari irin namu, inda kowa ya san ɗan kowa, kuma labarin maki yakan riga mai shi isa kasuwa.

Hutu da jarrabawa sun haɗu a hanya

Sallah tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan ta faɗo tsakiyar lokacin jarrabawa. A dubi 2025. An yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen watan Maris, saura 'yan makonni a fara JAMB, wadda aka soma ranar 24 ga Afrilu. Sakamako ya fito a farkon Mayu. Babbar Sallah ta zo ranar 6 ga Yuni, ana cikin WAEC, ga NECO na tafe. Wato a Sallah ta fari ana tambayar yaro ko ya shirya, a ta biyu ana tambayarsa maki nawa ya ci. Sai hutun Disamba, lokacin da maƙwabtanmu Kirista ke bikin Kirsimeti, ma'aikata da 'yan makaranta suka dawo gida daga Minna da Abuja da Kaduna, ana ta bukukuwan aure bayan kaka. A lokacin ne jerin sunaye ke fitowa kashi-kashi, wasu sun riga sun tafi sun dawo hutun farko da rigar jami'a, wasu suna nan inda aka bar su.

Saboda haka matashin da ke jiran gurbi yakan tsallaka irin wannan taro sau uku a shekara guda. Ga babba, hutu lokacin zumunci ne. Ga shi kuwa, wata jarrabawa ce ta baki, wadda masu tambaya suka fi ashirin, kuma babu amsar da za ta gamsar da su sai "an samu".

Yadda ake raba gurbin

Uban da bai san yadda ake shiga jami'a a yau ba, zai ɗora wa ɗansa laifin da ba nasa ba. Don haka mu tsaya a nan mu ɗan daɗe.

An kafa hukumar JAMB a 1978. Jarrabawarta darasi huɗu ce, Turanci dole ne a cikinsu, makin duka 400. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa. Yaron da ya tashi a Tungan Magajiya ko Rijau ko Dukku, wanda wataƙila bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa biyu a jere ba, yakan yi sammako zuwa Kontagora ko wani gari mai cibiya, ya zauna ya yi gogayya da ɗan makarantar kuɗi ta Legas a kan tambayoyi iri ɗaya da agogo iri ɗaya. Wannan kaɗai ya isa a sassauta masa harshe.

A 2025, sama da mutum miliyan 1.9 ne suka rubuta jarrabawar. A sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Wato idan ɗanka ya zo da 170 ko 185, yana cikin mafi rinjayen yaran ƙasar nan. A taron da aka yi a watan Yuli na shekarar, an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Amma nan ne ruɗani ke shigowa gidaje. Uba ya ji a rediyo an ce 150, ɗansa yana da 210, ya ɗauka magana ta ƙare. Wancan adadi ƙasa ne kawai da ba a yarda a sauka ba. Kowace jami'a tana da nata, kowane kwas yana da nasa, kuma likitanci da lauya da aikin jinya da harhaɗa magunguna sukan nemi maki mai nisa sama da haka, saboda masu nema sun ninka kujerun sau da yawa.

Bayan makin JAMB akwai tantancewar da makarantar ke yi da kanta, akwai kiredit biyar na WAEC ko NECO ko makamantansu, wanda ga yawancin kwasa-kwasai sai da Turanci da Lissafi. A jami'o'in tarayya kuma akwai tsohon tsarin rabo: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar ke ɗauka, kashi 20 ga jihohin da aka ƙidaya a baya wajen ilimin boko, kuma Neja na cikinsu. Shi ya sa yara biyu masu maki ɗaya, ɗaya zai samu a Minna, ɗaya ya rasa a Ilori.

Abin ya yi kama da tashar motar Kontagora ana jajibirin Sallah. Mota mai kujera goma sha takwas ce, masu jiran ta sun haura hamsin, kowa da kuɗin motarsa a hannu. Idan ta tashi ta bar fiye da mutum talatin, ba wanda zai ce waɗanda aka bari ba su iya tafiya ba ne. Kujeru ne suka ƙare.

Kuma hukumomin kansu sukan yi kuskure. Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. A watan Agusta na shekarar, WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38 da ɗoriya ne suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. A kwanakin da ke tsakanin sanarwa ta farko da gyara, Allah kaɗai ya san yaran da aka zaga a gidajensu, aka kira su daƙiƙai, a kan sakamakon da ba nasu ba ne. Duk uban da ya ji wannan, ya kamata ya riƙa jinkirta hukunci idan takarda ta zo.

Ranar Sallah a tsakar gida

A ɗauki gida irin wanda kowa ya sani. An sauko daga idi, an shimfiɗa tabarmi, ga tuwon shinkafa, ga soyayyen nama a faranti. Yaron ya zo ya durƙusa yana gaida baffansa da ya zo daga Minna.

"An yi Sallah lafiya, Baffa?"

"Lafiya lau. Kai ne ɗan jami'ar tamu? Yaya, an samu?"

"Tukuna dai, Baffa, muna jira."

"Har yanzu? Ai ɗan wajen Alhaji wancan tun watan jiya ya tafi Zariya. Nawa ka ci ne?"

Yaron ya faɗi makin a hankali, kansa a ƙasa. Gwaggo daga bakin murhu ta ce ai waya ce ta hana su karatu. Wani yayan ya yi dariya. Uban yana zaune, bai ce komai ba, yana jan carbi. Baffa bai yi da mugunta ba, a ganinsa kulawa ce ya nuna, wataƙila ma shi ya biya kuɗin rajistar. Amma yaron ya tashi da abu biyu a ransa: an auna shi da ɗan wani a gaban ƙannensa, kuma mahaifinsa bai tare masa ba. Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ne yake daɗewa.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kafin baƙi su zo, uba ko uwa su kira yaron gefe su tambaye shi abin da yake so a faɗa wa mutane da abin da yake so a bari a cikin gida. Makinsa sirrinsa ne, kamar yadda albashin baffa sirrinsa ne. Idan tambayar ta taso, babba ya riga shi amsawa: "Muna kan lamarin, Yaya, ya yi ƙoƙarinsa, sai a taya mu addu'a." Sai a kawo wata hira. A al'adarmu yaro ba ya iya ce wa baffansa ko kawunsa "bar wannan magana", kunya da tarbiyya sun ɗaure bakinsa. Tunda mu muka ɗaure shi, wajibinmu ne mu yi magana a madadinsa.

Ga baffanni da gwaggwanni da kawunnai kuma, ina roƙo. In har da gaske taimako ake so a yi, a kira yaron shi kaɗai bayan an watse, a tambaye shi wace makaranta ya cika, wane kwas, ko akwai abin da ya maƙale. Kuɗin mota zuwa Kontagora don a duba shafinsa ya fi masa amfani a kan labarin ɗan Alhaji.

Akwai kuma wayar. Da ana Sallah, hotunan abokai ke yawo a WhatsApp da Facebook, wannan a ƙofar jami'a, wancan da rigar bikin rantsar da sababbin ɗalibai. Ƙwace wayar ba ya magani, don ta nan zai ga sunansa idan ya fito. Abin da ke aiki shi ne a sa masa lokaci: ya duba sau ɗaya da safe ko da yamma, sauran yinin a ba shi wani aiki na gaske a hidimar gida, fiɗar rago ko kai abinci gidajen dangi ko raka ƙanne yawon Sallah, a kuma yaba masa a gaban mutane idan ya yi.

Inda damuwa ta wuce ta yau da kullum

Ɓacin rai na kwana biyu ko uku bayan sakamako ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne idan ya ɗauki mako biyu ko fiye: barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai, ya daina zuwa ƙwallo ko majalisar abokai, yawan ciwon kai da faɗuwar gaba, fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wasu samarin a nan ne suke fara neman abin da zai gusar da tunani, ƙwaya ko maganin tari, kuma ba sa rasa mai miƙa musu.

Idan kuwa yaro ya furta cewa gara ya mutu, ko ya ce shi nauyi ne a gidan, ko ya fara rabar da kayansa, to a bar komai a zauna da shi. Kada a ce "bakinka ya sari ɗanyen kashi" a wuce. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. A kawar da maganin ƙwari da na feshin gona da na ɓera daga inda hannu zai kai, domin a garuruwan noma irin namu suna nan a kowane ɗaki. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai babban asibiti a Tungan Magajiya, akwai a Kontagora, kuma idan ana buƙatar ƙwararru akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Sakkwato da Barnawa ta Kaduna. Addu'a da nasihar malami ko fasto suna da gurbinsu babba, a haɗa su da ganin likita. A 2025 jaridu sun ba da labarin wata budurwa a jihar Legas da ta halaka kanta bayan ta ga makinta. Kada mu ɗauka irin wannan sai a kudu.

Aikin da za a yi da kwanakin hutun

Jira ya fi zafi idan babu abin yi. Hutu kuwa dama ce, don a lokacin ne ɗan'uwan da ya san kan kwamfuta yake gida. A ware yini guda bayan an gama hidima, a zauna da yaron a bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta tsarin JAMB da ake kira CAPS yake bi. Makaranta ta ba da suna, JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi, kuma akwai wa'adi. Yara da dama sun rasa gurbi saboda ba su duba ba har lokaci ya wuce. Wasu kuma sakamakonsu na WAEC ko NECO ne ba a ɗora a shafin JAMB ba, musamman waɗanda suka yi rajista suna jiran sakamako. Muddin ba a ɗora ba, ko maki nawa suka ci ba za a ba su ba. Ana ɗorawa ne a cibiyar da JAMB ta amince da ita. A duba kuma ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a duk takardun, ko darussan da ya rubuta su ne kwas ɗin ke nema, ko ya kai shekara 16 da aka gindaya. Idan makin bai kai na kwas ɗin da ya zaɓa ba, ana iya sauya kwas ko makaranta tun ƙofa ba ta rufe ba.

Sai 'yan damfara, waɗanda kasuwarsu ke ci a daidai wannan lokaci. Mai cewa zai ƙara maki, mai cewa yana da mutum a ofishin rajistara, a turo dubu kaza. Uba ya sayar da buhunan masara ko ɗan maraƙi ya tura, daga nan lambar ta daina shiga. Wanda ma aka sa shi a aji ta bayan fage, ba tare da sunansa ya bi ta CAPS ba, yakan gane kurensa ne bayan shekara huɗu, lokacin tafiya bautar ƙasa. A gaya wa yaron wannan a fili, don wani lokaci shi ake fara yaudara, ya ɓoye saboda kunya.

Ƙofofin da ke kusa da gida

Yawancin damuwar nan daga buri guda take tasowa: likita ko lauya, a Zariya ko Sakkwato ko Kano, in ba haka ba an faɗi. Sau da yawa ma burin na uba ne, yaron ɗauka kawai ya yi. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero manyan makarantu ne, amma duk Arewa can take kallo.

A cikin Tungan Magajiya kanta akwai makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta jihar Neja, wadda ɗalibanta ke riƙe da ƙananan asibitoci a ƙauyuka da dama. A Kontagora akwai tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga zuwa jami'ar ilimi. Zuru, da ke maƙwabtaka a jihar Kebbi, tana da jami'ar aikin gona ta tarayya tun 2020. Ga jami'ar fasaha ta tarayya a Minna, ga ta Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a Bida da Zungeru. Wanda ya yi difloma ko NCE yana iya shiga jami'a daga aji biyu. Haka wanda ya bi ta IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi. A wannan zamani da iyayen Neja ba su manta da sace ɗalibai da aka yi a Kagara da Tegina a 2021 ba, kuma kowace doguwar tafiya sai da addu'a, makarantar da ke kusa da gida tana da wata daraja ta daban.

Amma a kula da yadda za a kawo maganar. Idan aka ce wa yaro "tunda ka kasa, sai ka je can", an kashe masa makarantar tun bai shiga ba. A bari zafin ya huce, a tambaye shi me yake so ya zama da kuma dalili, a saurara har ya gama. Mai son likitanci don ya taimaki marasa lafiya yana da hanyoyi da yawa zuwa asibiti. Idan kuma ya ce zai sake rubutawa baɗi, to a yi shiri na gaske: inda zai riƙa gwada jarrabawa a kwamfuta, wanda zai duba masa darasin da ya ba shi wuya, da wata sana'a da zai riƙe da rana, ɗinki ko gyaran waya ko jiran shago, don kada shekarar ta zama ta zaman majalisa.

'Ya mace

Nata nauyin ya ninka. Namiji idan bai samu ba, ana cewa sai baɗi. Ita kuwa a taron Sallah ko bikin Disamba ne ake fara cewa, "To tunda karatun bai yiwu ba, ai sai a duba wanda ya fito." Ta san cewa jerin sunayen nan shi zai yanke ko za ta ci gaba ko an rufe littafin ke nan, shi ya sa za ka ga ta fi ramewa. Aure alheri ne, kuma mata da yawa sun yi digiri daga ɗakin mazajensu. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi hukuncin faɗuwa jarrabawa, a yanke shi cikin hayaniyar baƙi. Uwa ta kira ta ɗaki ta ce mata, "Kwantar da hankalinki, ni da babanki mun yi magana, ko bana ko baɗi za ki yi karatunki." In dai da gaske aka faɗa, wannan jimla tana mayar wa yarinya da barcinta. Asibitocin yankin nan suna neman ungozoma da ma'aikatan jinya mata, makarantun 'yan mata suna neman malamai, kuma daga cikin waɗannan yaran za su fito.

Idan sunan ya fito

Wata rana yaron zai fito daga ɗaki da gudu, waya a hannu, yana kiran Inna. Za a yi guɗa, a yi hamdala, maƙwabta su shigo barka. A tuna da ɗan maƙwabcin da nasa bai fito ba, a yi murnar da sassauci. Daga nan kuma wata damuwar ta koma kan uba, domin takardar tana zuwa da kuɗin karɓar gurbi, da na rajista, da na ɗakin kwana, da wa'adin 'yan makonni, kuma galibi a lokacin da hidimar Sallah ko ta biki ta riga ta cinye aljihu. A babi na gaba za mu bi waɗannan kuɗaɗe ɗaya bayan ɗaya, mu ga yadda gida mai dogaro da noma ko ƙaramin albashi zai tanade su tun daga kaka, da yadda ake neman rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024.